Magajin Garin da Darla Ta Kasa Ƙaryatawa

Ƙanwata Darla Moen ta shekara arba'in da shida a duniya ba ta taɓa buɗe baki ta ce wa ɗan adam "ba haka ba ne" ba. Ba wai ba ta gane ƙarya ba ne in ta ji. Tana ganewa sarai. Amma mu a garinmu Halvor ba a haka da mu. In mutum ya shara maka ƙarya, sai ka dubi kofin gahawarka ka ce, "Mai yiwuwa ne." In ƙaryar ta wuce gona da iri, ka ce, "To, ka ji kuma." Shi ya san ba ka yarda ba, kai ma ka san ya sani, a tashi lafiya, ranar Lahadi a zauna benci ɗaya a coci. A gidanmu ni kaɗai na fita zakka. Mahaifiyarmu har ta bar duniya tana cewa ba ta san inda na tsinto bakina ba. Darla kuwa ta ɗauko karar garinmu har ta fi masu ita.

Tun muna yara haka take. In yankan kek ɗaya ya rage a faranti, al'adarmu ba mai ɗauka, sai dai a raba shi biyu a bar rabi. Darla sai ta raba rabin, ta raba rabin rabin, har sai ya koma ɗan tsito, sannan ta tambaya ko akwai mai so. Da ta girma ta auri Duane mai gyaran tarakta, mutumin kirki wanda in ya yi kalma goma a rana to ya yi surutu. Suka haifi 'ya'ya biyu, yaran suka yi karatu suka tafi birni. Ita kuma tun tana budurwa take aiki a gidan kula da tsofaffi na garinmu, tana yi musu wanka, tana ba su magani, tana sauraron labari ɗaya sau ɗari kamar yau ta fara jin sa.

A can ne abin ya shige ta. Tun da tsohon lauyan garinmu ya rasu ba a sami wanda ya gaje shi ba, wa zai baro birni ya zo jiharmu ta Dakota ta Arewa ya zauna cikin gonakin alkama? Tsoho yana kwance yana son ya gyara wasiyyarsa, ya faɗi wanda zai gaji wace gona, amma lauya yana can nesa, kuma sai ya ga dama zai zo. Akwai wata tsohuwa, Inga, da ta yi ta riƙe hannun Darla tana cewa a kira mata lauya. Kafin ya iso rai ya yi halinsa. Yau 'ya'yanta uku ba sa ga maciji da juna, wanda a garinmu ma'anarsa ita ce suna gaisawa amma ba sa tambayar iyali.

Bayan an binne Inga ne Darla ta same ni a kicin ɗin shagon abincina, tana murza safar hannunta.

"Yaya Bonnie, wai dama... ko da yake ba dole ba ne, kuma in kin ga shirme ne ki faɗa mini..."

"Ke, yi magana, albasa na ƙonewa."

"Karatun lauya nake so in yi."

Na sauke kaskon na dube ta. Tun da nake da ita ban taɓa jin ta ce "ina so" ba, sai dai "duk wanda kuka ga ya dace." Wallahi da cewa ta yi tana son zuwa wata, da na fara neman tsani.

Sai dai kafin a shiga makarantar lauyoyi akwai jarrabawa, kuma ba ta haddar doka ba ce. Za a ba ka 'yar gajeriyar magana da wani ya yi, da amsoshi biyar a ƙasa, a ce ka nuna inda maganar ta karkace, ko abin da mai maganar ya ɗauka gaskiya ne ba tare da ya kawo hujja ba. Ga agogo yana gudu. Makin daga ɗari da ashirin yake farawa ya tsaya a ɗari da tamanin. Wata mata a makarantar lauyoyi ta jiharmu ta gaya wa Darla ta waya cewa in ta haye ɗari da hamsin, akwai maganar yi. Ita ce kuma makaranta ɗaya tilo da Darla za ta iya zuwa ba tare da ta tashi daga garin ba.

Ta sayi littattafai masu kauri kamar Baibul ɗin kan mumbari. Ta tashi daga aiki da rana, ta baje su a teburin cin abinci, Duane ya karɓi girki, wanda ya sa duka su biyun suka rame. Ta yi wata da watanni a haka, ta je ta zauna jarrabawa, ta samo ɗari da arba'in da uku. Ta dawo ta ƙara ninka karatun, ta sake zama, ta samo ɗari da arba'in da huɗu. Maki ɗaya! An yi ba a yi ba.

"Saura sau ɗaya," in ji ta. "In na yi na hunturu bai yiwu ba, to Allah bai nufa ba. Na ma yi wa shugabarmu alkawari in hakan ta faru zan karɓi muƙamin mai kula da ma'aikata, ta daɗe tana roƙo na."

Na san Darla, alkawarinta ba ya tashi. Na kuma san in wannan ya kuɓuce mata, ba za ta ƙara cewa tana son wani abu ba har a kai ta makwanci.

Wata Lahadi bayan an tashi coci na bi ta gida, na ja kujera, na ce ta miƙo littafin nan in ga aljanin da ke cikinsa. Ni ba boko mai zurfi na yi ba, amma na iya karatu. Na buɗe na karanta mata wata tambaya. Wai wani magajin gari ne ya ce tun da aka kafa fitilu a kan titi sata ta ragu a garinsa, saboda haka fitilun ne suka kori ɓarayi. Ina kuskuren maganarsa?

"To ai ko ni na ga wannan," na ce. "Wa ya sani ko ɓarawon garin ne aka ɗaure a watan? Ko sanyi ne ya hana su fita? Ke me kika zaɓa?"

Ta nuna mini. Wata amsa ce can gefe, mai laushi, wadda ba ta taɓa mutumin ko kaɗan.

"Darla, ba ki ga ramin ba?"

"Na gani mana. Amma ai bawan Allah ba zai miƙe gaban jama'a ya faɗi haka kawai ba. Tabbas ya bincika, ya tambayi 'yan sanda. Wuri ne bai ishe shi ya faɗi komai ba. Abin da yake nufi shi ne..."

"Abin da wa yake nufi?"

"Magajin garin."

Na rufe littafin na ɗora hannu a ka. "Na shiga uku. Ke, babu wani magajin gari! Ba shi da uwa, ba shi da mata, ba za ki haɗu da shi a wurin jana'iza ba. Ƙirƙirar sa aka yi don a kunyata shi, aikinsa ke nan a duniya!"

Ta ce a hankali, "Amma dai ai wani ne ya zauna ya rubuta shi."

Duane yana daga kicin ya yi wani tari wanda na san dariya ce ya haɗiye.

Muka bi tambayoyin da ta faɗi ɗaya bayan ɗaya, kusan duka labarin ɗaya ne. Likita ya yi magana mai rami, Darla ta cike masa. Ɗan jarida ya yi tsalle daga nan zuwa can, Darla ta shimfiɗa masa gada. Kafin idonta ya kai kan amsoshin ta riga ta gyara maganar a zuciyarta, ta yi mata kwaskwarima, to ina za ta ga kuskure a abin da ta gyara da hannunta? Jarrabawar tonon asiri ce, ita kuwa an raine ta ne a kan rufin asiri. Duk karatun da take yi ba zai taɓa wannan ba, domin ba a littafi matsalar take ba.

Na ce da ita daga gobe, in ta sami hutun hantsi, ta riƙa zuwa shagona. Akwai teburin da ke jikin taga, inda tsofaffin manoma suke zama kullum, su sha gahawa kofi biyar a kan kuɗin kofi ɗaya, su gyara duniya. Sarkin teburin kuwa Kawu Leland ne, ƙanin mahaifiyarmu, wanda bai taɓa jin wani abu a rediyo bai san dalilinsa ba. In maganganu masu rami take nema, ga su nan kyauta, da zafinsu.

Ranar farko ta zo ta tarar yana bayani a kan manyan fankokin nan na samar da lantarki da aka kafa yamma da gari.

"Ku duba mana," in ji shi, yana buga cokali a tebur. "Shekarar da aka kafa su, shekarar ruwa ya ɗauke. Su suke kore gajimare. Ai fanka ce, me kuke tsammani za ta yi?"

"Mai yiwuwa ne," in ji sauran, kowa yana kallon kofinsa.

Darla ta biyo ni kicin, ta leƙa ta tabbatar ƙofa ta rufu, sannan ta raɗa mini a kunne kamar mai faɗin zunubi: "Don abu biyu sun faru tare, ba shi ne ɗaya ya jawo ɗaya ba. Kuma an yi fari shekarar da aka haifi ɗana, lokacin ko fanka ɗaya babu."

"Yauwa! To fita ki gaya masa."

"Haba Yaya! Kawu ne fa."

Haka muka yi ta yi har ganye ya zube, sanyi ya kama. Kawu ya yi ta zuba, Darla tana shigowa kicin tana raɗa. Makin da take samu a gwajin gida ya fara motsi, ya hau ɗari da arba'in da takwas, wani lokaci da tara. Daga nan ya toge. Yanzu tana ganin amsar, amma kafin ta zaɓa sai ta koma ta sake karanta maganar daga farko, wai ko ta zalunci mutumin. Kowane magajin gari sai ta ba shi dama ta biyu. Kafin ta gama yi musu adalci lokaci ya ƙare, tambayoyin ƙarshe ko kallon su ba ta yi ba. Na yi faɗa har na gaji. Hali zanen dutse, na fara cire rai.

Ana saura 'yan makonni jarrabawa, ran nan tana zuba wa mutanen teburin gahawa don ta taya ni, sai Kawu Leland ya gyara zama. Bai dube ta ba, taga yake kallo, don mu in za mu yi wa mutum nasiha ba ma kallon sa.

"Ni dai abin da na sani," in ji shi, "wasu mutane in shekaru suka ja, gara su riƙe abin da suka iya. Duk wanda na sani da ya koma makaranta da furfura, bai gama ba. Ba a taɓa yi ba a garin nan. Ƙwaƙwalwa kamar ƙasar noma ce, in ta gaji ta gaji."

A Halvor in aka ce "wasu mutane," mutum ɗaya ake nufi, kuma yana cikin ɗakin. Na ajiye farantin da ke hannuna, na cika baki zan yi magana, sai na ji murya a bayana.

"Kawu, su nawa ne?"

Ya juyo. "Su wa?"

"Waɗanda ka sani da suka koma makaranta."

"To... akwai matar Arvid. Akwai kuma wancan yaron na gidan Sather."

"Mutum biyu ke nan. Matar Arvid ciwon mijinta ne ya dawo da ita, ba karatu ne ya gagare ta ba, ga Arvid nan a tambaye shi. Na gidan Sather kuma aiki ya samu a wurin haƙar mai. Ba a yanke wa kowa hukunci da mutum biyu. Kuma don ba a taɓa yin abu ba, ba shi ne ba zai yiwu ba." Ta ajiye butar gahawar a kan teburin. "Maganarka ba daidai ba ce, Kawu."

Arvid ya tsura wa kofinsa ido kamar zai ga kifi a ciki. Kunnuwan Kawu suka yi ja. Ya miƙe a hankali, ya sa hularsa, ya ce yana da abin yi a gona. A tsakiyar hunturu, ƙasa ta daskare kamar dutse, wai abin yi a gona.

Darla ta shige kicin ta jingina da firiji tana haki. "Na kashe kaina. Yaya, me na yi? Da Mama na raye..."

"Da Mama na raye da ta suma, mu yayyafa mata ruwa ta farfaɗo. Ya kika ji?"

"Kamar zan yi amai," in ji ta. Can kuma ta ce, "Amma ai gaskiya na faɗa, ko?"

Kawu ya ɗauke ƙafa daga shagona. Darla ta shiga damuwa, ta dafa dankali ta murza lefse, wainar nan tamu ta lokacin biki, ta naɗe a tawul za ta kai masa ban haƙuri. Na tare ta a ƙofa na karɓe. Na ce bayan jarrabawa in ta ga dama ta kai masa har da saniya, amma kafin nan ba inda za ta. Ni da Duane muka cinye lefsen. A makon nan ta yi gwaji a gida ta gama kafin agogo ya buga, karo na farko. Ta ce da ta ga wanda ya yi magana mai rami sai ta ce a ranta, ai wannan bai kai Kawu ba, kuma Kawu ma sama ba ta faɗo ba.

Ranar jarrabawa muka wayi gari dusar ƙanƙara ta rufe komai. Ni zan kai ta birni inda ake zaman, don haka a gidanta na kwana. Muka leƙa ta taga da sassafe, hanyar da ta fito daga gidan zuwa babban titi ta toshe har gwiwa. Duane ya ɗauki shebur ya fita, amma kowa ya san kafin ya gama an tashi daga jarrabawar. Darla ta zauna a bakin matakala da jakarta a cinya.

Sai muka ji ƙugin mota. Tsohuwar akori-kurar Kawu Leland ce, da faffaɗan ƙarfen ture dusa a gabanta. Ya yi gaba ya yi baya, ya yi gaba ya yi baya, har hanya ta buɗe. Sannan ya sauke gilashi kaɗan, yana kallon sitiyari.

"Dama hanyata ce," in ji shi. "Na ce bari in ɗan ture, tunda na biyo."

Gidan Kawu yana gabas da gari, na Darla yana yamma, kuma daga gidanta babu inda hanyar ta nufa sai gonar da ba kowa. Na ga bakin Darla ya motsa. Ta ga ramin, ko makaho ya gan shi. Ta dube shi ta ce, "An gode, Kawu. Allah ya sa ka biyo." Ya gyaɗa kai ya ɗaga gilashinsa.

Da ta fito daga ɗakin jarrabawar na tambaye ta yadda aka yi, ta ce ita dai ta amsa duka. Daga nan sai jira. Makonnin nan ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Na ƙona miya, na ba wani mai cin ganyayyaki naman alade, na yi faɗa da mai kawo burodi a kan abin da ba laifinsa ba. Ita kuwa tana zuwa aikinta kamar ba komai, har ta fara koyon yadda ake tsara wa ma'aikata lokutan aiki, wai don kada ta ba shugabarta kunya in abin bai yiwu ba.

Ran nan da hantsi ina feraye dankali sai ƙofar baya ta buɗe. Darla ce, da kayan aikinta, ko rigar sanyi ba ta saka ba, waya a hannunta. Fuskarta ba ta nuna komai. Na ce shi ke nan, ta faɗi. Na fara shirya abin da zan ce, har da zagin da zan yi wa masu jarrabawar.

"Ɗari da hamsin da bakwai," in ji ta.

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na zauna a kan buhun dankali. Wani nauyi da na manta ina ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjina, na ji iska ta shiga har cikina. Ni da ban yi kuka a bikin 'yata ba, sai ga ni ina sharɓar kuka, ina share hawaye da gefen rigar girkina. Na ce, "Sake faɗa." Ta sake faɗa. Na ce ta ba ni wayar in gani da idona, ko ta karanta a juye.

Ta zauna kusa da ni a kan ɗaya buhun, muna jin hayaniyar tsofaffin nan daga teburin jikin taga, da muryar Kawu a sama da ta kowa, don tun bayan jarrabawar ya dawo shagon.

"Yaya," in ji ta, tana kallon tafin hannunta. "Ashe ina da kai."

"Da can me kike ɗauke da shi a wuya, kabewa?"

Ba ta yi dariya ba. "Tun muna makaranta na ɗauka ni daƙiƙiya ce. Kowa ya yi magana sai in ga wani abu bai zauna ba, amma in ga kowa ya gyaɗa kai. Sai in ce to ni ce ban gane ba."

Na ɗauka duk shekarun nan kara take yi wa mutane. Ashe rabin karar nan, kanta take ba rashin gaskiya. Na kama hannunta, yana da sanyi kamar ƙanƙara, na riƙe shi cikin nawa har ya yi ɗumi.

Can ta miƙe ta share fuska. Ta ce bari ta koma, ta bar wani tsoho da rabin aski, kuma tana so ta sami shugabarta kafin ta fita cin abinci, ta gaya mata ta nemi wani ya riƙe muƙamin.

"Ko in raka ki?" na ce. "Kin san halinta da naci."

"A'a," in ji Darla. "Zan iya."